Tambaya da Amsa: Ina Ganin Kyamarar Shagona a Kusa, In Na Yi Nisa Sai Duhu

A wannan fitowa wasiƙu huɗu ne suka haɗu a kan magana ɗaya, dukkansu daga jihar Kebbi, wato buɗe ƙofa a rautar intanet (na'urar da ke raba wa wayoyi da kwamfutoci intanet) domin mutum ya iya isa ga wata na'ura ta gidansa ko ta shagonsa daga nesa. Wannan saitin shi ne ake rubuta wa “Port Forwarding” a shafin rauta. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon shinkafa da kayan masarufi a babbar kasuwar Birnin Kebbi. Na sa kyamarori huɗu da akwatin naɗar hoto, na kuma sayi rauta mai cin sim. Yaron da ya haɗa mini ya ce ya buɗe ƙofa a rautar. Idan ina cikin shago wayata tana kan waifai, ina ganin komai tar, amma ranar da na gwada a hanya, tun ban wuce Kalgo ba, sai manhajar ta yi ta juyawa babu hoto. Sau uku yaron yana dawowa, kowane zuwa da kuɗin mashin, yanzu kuma ya ce rautar ce ƙarama, in sayi babba. Shin in saya? Daga wani ɗan kasuwa, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin ina da ƙarfin zaton cewa ko rautar da ta fi kowace tsada ka sayo, muddin wannan sim ɗin za ka zura mata, abin da ka gani jiya shi za ka gani gobe. Mai yiwuwa ma yaron bai yi kuskure ko ɗaya a saitinsa ba.

Ka ɗauki rautarka a matsayin zauren gida, wayoyi da kwamfuta da akwatin kyamara kuma su ne mutanen cikin gida. Mutanen waje adireshi ɗaya suka sani, na zauren. Idan wani na ciki ya yi aike waje, kamar a ce wayarka ta nemi shafin labarai, zauren yana riƙe da sunan wanda ya yi aiken, saboda haka idan amsa ta dawo ya san ɗakin da zai kai ta. Abin da ya sa ke nan WhatsApp da YouTube suke aiki ba tare da ka saita komai ba. Amma idan baƙo ya zo ya yi sallama alhali babu wanda ya aika a kira shi, zauren bai san wurin wa zai kai shi ba, sai ya yi gum ya ƙyale shi a tsaye. Lokacin da kake Kalgo kana neman hoton shagonka, kai ne wannan baƙon. Buɗe ƙofa kuwa shi ne a bar wa zauren sallahu cewa duk wanda ya yi sallama da lamba kaza, a wuce da shi ɗaki kaza. Lambobin ƙofofin suna farawa daga 0 zuwa 65535, kuma wasunsu an san su da aikinsu tun da daɗewa: 80 da 443 na shafukan intanet ne, 554 kuma ta nan hoton kyamara ya saba bi.

Sai dai sallahun yana amfani ne idan zauren naka yana bakin titi. Adireshin intanet na tsohon tsari, wanda ake kira IPv4, gaba ɗayansa bai kai biliyan 4 da miliyan 300 ba, kuma tun watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar da ke hannunta ga hukumomin yankunan duniya biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka. Mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8, wani ma da waya biyu da kwamfuta. Da adireshi ya yi ƙaranci, sai kamfanonin waya suka koma ɗora masu layi da yawa a kan adireshi ɗaya, tsarin da ma'aikatansu suke kira CGNAT. Misalinsa gidan haya ne mai ɗakuna barkatai da babbar ƙofa ɗaya, makullinta kuma yana aljihun mai gida. Yaronka a bakin ɗakinka ya bar sallahu, baƙon kuwa tun daga babbar ƙofa ake sallamarsa, kuma daga kai har yaron babu mai ikon taɓa waccan ƙofar. Akasarin rautocin da ke aiki da sim ɗin waya na gama-gari haka suke.

Tabbatar da wannan ba ya cin minti biyar. Ka haɗa wayarka da waifan shagon, ka juya rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta, za ka ga adireshin shafinta, wanda a rautocin Huawei masu sim yawanci 192.168.8.1 ne. Ka rubuta shi a burauza, ka shiga, ka nemi inda aka nuna bayanin na'ura, ka kwafe lambar da ke gaban “WAN IP”. Daga nan ka buɗe Google ka rubuta “what is my ip”, ka shiga ɗaya daga cikin shafukan da ya kawo, ka kwatanta lambar da shafin ya ba ka da wadda ka kwafe. Idan sun zo ɗaya, zaurenka yana bakin titi, sai ka duba amsar da na ba mai tambaya na biyu. Idan suka saɓa, musamman idan ta rautar ta fara da 10, ko ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kana gidan haya. Zangon na biyu ma tun 2012 aka keɓe shi musamman domin wannan aikin. Idan kuwa ta fara da 192.168, galibi alama ce ta cewa akwai wata rautar a gaban taka, wataƙila a cikin shagon ma, kuma wannan mai sauƙin gyara ne, domin ana iya yin sallahun a dukkan biyun, ko a mayar da ta biyun mai watsa waifai kawai.

Mafita mafi arha tana cikin akwatin da ka riga ka saya. Akwatunan zamani suna da hanyar da su da kansu suke fita su sanar da kamfanin da ya ƙera su inda suke, kuma tun da aiken daga cikin gida ya fito, babbar ƙofa ba ta hana amsa dawowa. A akwatin kamfanin Hikvision sunan hanyar Hik-Connect, na Dahua kuma da manhajar DMSS ake bin ta. Ana kunna ta a shafin sadarwa na akwatin, a ga ya nuna yana kan layi, sannan a ɗauki hoton tambarin QR da waya. Babu ƙofar da za a buɗe. Hanya ta biyu ita ce ka tambayi kamfanin layinka ko suna ba da adireshi na mutum shi kaɗai, abin da yawanci ake haɗawa da tsarin 'yan kasuwa da ƙarin kuɗi, kuma a ganina kyamara huɗu ba ta kai a ɗauki wannan nauyin ba.

Ka kuma lura da data. Kyamara ɗaya da ke aiko hoto mai kaifi a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 900 a awa, kuma sau biyu za ka biya, a sim ɗin shago da a na wayarka. Ka zaɓi ƙaramin hoto idan leƙe kawai za ka yi, domin a kan kilobit 512 abin kusan megabait 230 ne a awa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ina kula da wani injin casar shinkafa ne a Argungu. Intanet ɗinmu ta faranti ce daga wani ƙaramin kamfani, kuma na gwada na ga adireshin rauta da na waje iri ɗaya ne. An buɗe mana ƙofa, mai injin yana kallo daga inda yake har kusan mako biyu, sai wata rana aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare, tun da aka dawo da ita kuma abin bai sake yi ba. Wanda ya saita ya yi tafiya. Ina so in iya da kaina. Daga wani mai karatu, Argungu.

Amsa: Barka kadai Malam. Naka mai daɗin sha'ani ne, tun da ƙofarka tana bakin titi. Abubuwa biyu ne suke iya gocewa bayan ɗaukewar wuta, adireshin akwatin a cikin gida da adireshin gidan a waje, kuma na fi zargin na farko.

Rauta tana raba wa na'urori adireshin cikin gida ne aro, wanda ya riga zuwa ya riga samu. A ce ranar da aka yi saitin akwatinku yana kan 192.168.0.104, aka rubuta sallahu da wannan lambar. Da wuta ta dawo, wayar wani lebura da ke zaune kan buhu a bakin ƙofa ta riga akwatin kamawa, aka ba ta 104, shi kuma akwatin da ya gama tashi aka ba shi 107. Har yanzu rautar tana cika umarni, amma baƙin mai injin wurin wayar lebura ake kai su. Saboda haka aikin farko, wanda masu gaggawa suke tsallakewa, shi ne a kafe wa akwatin adireshi. Ka shiga shafin rautar, wanda a TP-Link yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ka nemi sashen DHCP, a ciki za ka ga “Address Reservation” ko wani suna mai kama da shi. Ka zaɓi akwatin daga jerin na'urorin da ke haɗe, ko ka shigar da lambarsa ta MAC, wato haruffa da lambobi 12 da ke shafin sadarwarsa, ka ba shi adireshin da zai riƙe har abada, ka adana, sannan ka kashe akwatin ka kunna domin ya karɓi sabon.

Daga nan sai sallahun kansa. Sunan wurin ya danganta da wanda ya ƙera rautar: wasu “Port Forwarding”, wasu “Virtual Server”, wasu “Port Mapping”, kuma sau da yawa yana ɓoye a ƙarƙashin NAT ko sashen tsaro. Duk sunan da aka ba shi, abu huɗu zai tambaye ka: lambar ƙofar waje da baƙo zai yi sallama da ita, adireshin na'urar da za a kai shi, lambar ƙofar ciki da na'urar take saurare a kai, da nau'in saƙon, TCP ko UDP. Akwatin Hikvision daga kamfani da 8000 yake zuwa domin manhaja, da 554 domin hoto, da 80 domin burauza, na Dahua kuma 37777 ce babbar ƙofarsa. Kada ka dogara da abin da na faɗa kai tsaye, ka leƙa shafin sadarwar akwatin ka ga lambobin da ke rubuce, domin mai saiti yana iya canza su. Ga kyamara TCP ya wadatar a mafi yawan lokuta. Idan da manhaja kawai ake kallo, ka bar 80 a rufe. Kuma tun da akwai tsohon sallahu a ciki, gyara shi za ka yi ko ka goge, domin rauta ba ta karɓar umarni biyu a kan ƙofar waje ɗaya.

Wajen gwaji ne mutane da yawa suke wahalar da kansu a banza. Suna zaune a kan waifan gidan suna kiran adireshin waje, abin ya ƙi, su ɗauka saitin ne bai yi ba, alhali wasu rautocin ba su iya fitar da saƙo su juyo da shi gida ba. Ka kashe waifan wayarka, ka kunna datarta, sannan ka gwada. Akwai kuma shafin canyouseeme.org da zai gaya maka ko ƙofa a buɗe take, amma sai akwatin yana kunne, domin ƙofar da babu mai amsa sallama a bayanta rufaffiya zai kira ta.

Idan duk wannan ya yi daidai amma mai injin bai gani ba, to adireshin waje ne ya canza. Samun adireshin bakin titi daban, samun wanda ba ya canzawa daban, kuma kamfanoni da yawa suna sauya shi duk lokacin da rauta ta mutu ta tashi. Maganinsa DDNS, wato ka yi rajistar suna a wuri irin No-IP ko DuckDNS, ka sa bayanin a rautar ko a akwatin, duk lokacin da adireshi ya sauya na'urar ta kai rahoto, mai injin kuma sunan zai sa a manhajarsa a maimakon lamba. Sunan kyauta na No-IP sai an tabbatar da shi duk bayan kwana 30, saboda haka ka yi rajistar da imel ɗin da kake dubawa, kada ka yi da na wanda zai yi tafiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana yana aiki a Abuja, ya sa an kafa mana kyamarori a gida, biyu a waje, ɗaya a tsakar gida. Mai haɗawa ya ce don kada a yi ta wahalar lambobi ya sa akwatin a wani abu wai shi DMZ, kuma kalmar sirrin da ya bar mana 12345 ce, shi ma yana da ita a wayarsa. Hankalina bai kwanta ba, ga 'yammata a gidan. Daga wata uwargida, Yauri.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiyarki ce da hankalinki bai kwanta ba, kuma da ni ne, yau ɗin nan zan zare wayar da ta haɗa akwatin da rauta har sai an gyara. Zare ta ba ya hana kyamarorin naɗa, kallon nesa kawai zai tsaya.

Abin da DMZ yake yi a rautar gida shi ne ya ce duk baƙon da ya zo, da kowace lamba ya yi sallama, a wuce da shi wurin wannan na'urar. Ana buɗe ƙofa ɗaya ko biyu ne domin a rage hanyar shiga, shi kuwa wannan ya cire ƙyauren zauren ne gaba ɗaya. Idan layinku irin na gidan hayan da na bayyana a sama ne, kun tsira bisa sa'a, domin babbar ƙofa tana tare baƙin. Idan kuwa adireshinku na bakin titi ne, akwatin yana tsaye a fili.

Kada kuma a ce wa ya san da wani gida a Yauri. Masu neman shiga ba sa zaɓen gari, kwamfutoci ne suke bin adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasawa, har akwai shafi mai suna Shodan da aikinsa ke nan, tattara jerin na'urorin da ke buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗi da rautoci, ba da wata gwaninta ba, sai da gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda kamfanoni suke sakowa da su, kuma 12345 tana cikinsu. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka yi amfani da na'urorin wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, hari, har mutane da yawa suka kasa shiga Twitter da Netflix. Ni kaina na taɓa buɗe rajistar wani akwati a shagon wani abokina a Jega, na tarar da layi bayan layi na ƙoƙarin shiga da sunan “admin”, wasu ƙarfe uku na dare, daga adireshin da babu ko ɗaya da muka sani.

A kashe DMZ, a kuma kashe UPnP, wanda shi yake ba na'urori damar buɗe wa kansu ƙofa ba tare da sanin mai gida ba. A canza kalmar sirrin akwatin da ta shafin rautar, kowace ta zama doguwa mai haɗe da haruffa da lambobi, ke ko maigidan ku rubuta da hannunku. Sannan a duba asusun da aka ɗaure akwatin da shi a manhaja. Masu haɗawa da yawa da nasu asusun suke ɗaurewa don sauri, su raba wa mai gida kallo, wanda ke nufin a idon manhajar su ne masu akwatin. A sa shi ya kwance a gabanku, maigidan ya ɗaure da lambar wayarsa. Ban ce mai haɗawar yana da mugun nufi ba, amma waya tana ɓata, ana kuma sayar da ita.

Kyamarar tsakar gida kuwa, ra'ayina shi ne a juya ta ta fuskanci ƙofar shigowa ko a cire ta, domin inda mata suke zama babu mayafi bai kamata hotonsa ya hau intanet ta kowace hanya ba. Wannan shawara ce tsakaninki da maigidan.

Tambaya: Malam, mun haɗa kuɗi mun sayi Starlink a cibiyarmu ta koyar da kwamfuta. Ina so in riƙa shiga babbar kwamfutar cibiyar daga gida, amma na duba manhajar ko'ina ban ga wurin buɗe ƙofa ba. Daga wani matashi, Zuru.

Amsa: Ɗan'uwa, ba idonka ne ya tsallake shi ba, rautar Starlink ba ta da wannan saitin. Tun da aka fara aiki da shi a Nijeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, tsarinsa na gidaje a kan CGNAT yake ta ɓangaren IPv4, saboda haka ko ka sa shi a “Bypass Mode” ka jona taka rautar, babbar ƙofar tana nan. Adireshin bakin titi a manyan tsare-tsarensa na 'yan kasuwa ake samu, kuma sun fi tsada.

Ga abin da kake so ma, ko da kana da adireshin ba zan ce ka buɗe 3389 ba, wato ƙofar sarrafa Windows daga nesa, domin tana cikin waɗanda aka fi ƙwanƙwasawa, ita da 23 da 445. Ka sauke manhajar Tailscale ko ZeroTier a kwamfutar cibiyar da kuma taka ta gida, ka shigar da su asusu ɗaya. Dukkansu biyu daga ciki suke fita su haɗu ta rufaffiyar hanya, suna kuma da tsarin kyauta da zai ishi na'urori kaɗan. Kowace kwamfuta za ta sami adireshin da ba ya canzawa, da shi za ka kira ta. Ka tuna ka hana kwamfutar cibiyar yin barci a saitin wutarta, ka kuma tabbata Windows ɗinta Pro ce, domin Home ba ta karɓar irin wannan shigar.